Kafin Ka Sake Sabon Lale

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya kai ku Kano lafiya, ya tsare ku a hanyar Damaturu da abin da ke gabanta, ya haɗa ku da direba mai haƙuri. Na roƙi mahaifinka ya miƙa maka wannan takarda a tasha, ba a gida ba, domin na san in ka karanta ta a gabana za ka fara ba ni amsa tun ban kai aya ba. Halina ka ɗauko, don haka ba ni da bakin ƙorafi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, da safen nan ka baro shi. Magana ɗaya ce ke cina. Ka fara karatun kwamfuta, ka bari. Ka zauna a shagon gyaran waya a Gamboru, ka bari. Yanzu ga ka a hanyar zuwa wurin Injiniya Haruna, tsohon abokin aikina a gidan rediyo, za ka koyi haɗa sola. Ina tsoron ranar da za ka wayi gari ka ji wannan ma ya ishe ka. A kan wannan ranar nake rubuto maka, kuma zan biyo ta inda ba ka zata ba, wato ta wasan nan da ka sa mini a waya.

Ka tuna lokacin. Ruwa ya shigo Gwange ya kore mu, muka tare a gidan gwaggonka Ya Bintu, gida ya cika har baranda. Littattafaina sun zama kunu. Ni da na saba tashi da abin yi, sai ga ni zaune daga hantsi zuwa la'asar ina kallon bango. Ka zo ka karɓi wayata, ka yi 'yan danne-danne, ka maido mini da wani ɗan jarumi riƙe da takobi yana fuskantar dodo.

Ka ce, "Umma, latsa shi kawai. Duk latsawa sara ɗaya ne. In dodon ya faɗi zinare zai zubo, ki saya masa takobi mai kyau, ki ɗauko masa mataimaka. Daga nan ko kin ajiye wayar su za su yi ta yaƙin."

Na ce, "To in su za su yi, ni mene ne aikina?"

Ka ce, "Ke ce shugaba. Shugaba ai ba ya aiki."

Mahaifinka yana kishingiɗe a tabarma, bai ko ɗago ba ya ce, "Wannan wasa kam ɗan ƙasar nan ne ya ƙirƙiro shi."

Rabon da a yi dariya a gidan nan tun kafin ruwan. Ban manta maka da wannan ba, kuma ba zan bari abin da zan faɗa a gaba ya shafe shi ba.

Na gaya wa kaina cewa bincike nake yi. Ɗan jarida ba ya rasa wannan uzurin. Na ce bari in ga abin da ke riƙe 'ya'yanmu a cikin waya. Na gani kuwa, domin ni ma ya riƙe ni, kuma zan faɗi daɗinsa yadda yake, don wanda ya ɓoye daɗin abu ba a yarda da shi in ya zo faɗin illarsa.

Na yi rayuwar aikina a teburin labarai a garin da ka sani. Shekarun da aka sha wuya, ni nake tace abin da za a karanta wa jama'a, kuma mafi yawansa ba mai daɗi ba ne. Sai ga wani abu a tafin hannuna da ba ya kawo rahoto sai na alheri. Duk sanda na buɗe shi zai tarbe ni da cewa: ba kya nan, jarumanki sun ci gari kaza, ga abin da suka tara miki. Ba ya tambayar ina na shiga. Ba ya fushi don na daɗe. Ba wanda ke mutuwa a cikinsa mutuwar da ba dawowa. Ga mutumin da ya bar gidansa ya dawo ya tarar da laka har taga, abin da za ka bari ka dawo ka tarar ya ƙaru ba ƙaramin magani ba ne. Kuma ba ya neman gwaninta. Tsohuwa mai tabarau irina da yaro mai saurin yatsa irinka duk ɗaya muke a wurinsa. Na fahimci dalilin da ya sa masu jiran layi a asibiti da masu gadin shago suke son sa. Yana cike ramukan da ke cikin yini.

Kuskurena na farko shi ne ban lura da lokacin da ya daina cike ramuka ya fara haƙa nasa ba. Wata rana da la'asar Ya Kolo, maƙwabciyarmu ta Gwange, ta biyo mu gidan gwaggonka don mu jajanta wa juna. Tana ba ni labarin yadda ruwa ya tafi da keken ɗinkinta da kayan ɗakin 'yarta, tana magana a hankali kamar mai tsoron kada muryarta ta karye. Ni kuwa na tuna akwai wani akwatin kyauta a wasan da ke rufewa in ba a buɗe shi a kan lokaci ba. Hannuna ya tafi da kansa. Na ɗan karkata wayar, na latsa, ina gyaɗa mata kai.

Ta dubi wayar, ta ce, "Hajiya, in wani labari ne ya fito a kan taimakon da aka ce za a kawo, karanta mana mu ma mu ji."

Ba gatse take yi ba. Ta san ni da aikin jarida, ba ta zaci akwai abin da zai ɗauke idona daga kanta ba in ba labari ba. Na ce mata ba komai ba ne. Wannan kam gaskiya na faɗa.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga nan. Suna cewa wasan yana yin kansa, ba ya cin lokacinka. Hannunka ne ba ya buƙata sosai, amma yana ajiye ɗan wakili a cikin kanka, mai taɓa ka lokaci-lokaci yana cewa leƙa. Na kama wannan wakili yana taɓa ni bayan sallame salla tun ban yi tasbihi ba. Ni ba malama ba ce, ba zan ce maka haramun ba ne. Abin da zan ce, in mutum yana yi maka magana, ko ubangidanka yana nuna maka yadda ake haɗa waya da batir, kife wayarka. Wanda ke gabanka yana ganin inda idonka ya tafi, ko bai faɗa ba.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Akwai abin da ya fi shi zurfi.

Bayan na yi nisa a wasan, sai tafiya ta tsaya. Dodon da ke gabana ya ƙi faɗuwa, zinaren da ake tarawa ba ya isa sayen komai. Na kira ka na ce abin ya lalace. Ka duba ka yi murmushi.

Ka ce, "Bai lalace ba, Umma, kin zo bango ne. Kowa yana zuwa. Ga wannan maɓallin, ki danna, a sake haifarki."

Na ce, "A'uzu billahi. Haihuwa ɗaya ma ya aka ƙare da ita?"

Ka ce, "Sunan ne kawai. Komai zai goge, ki koma farko, amma da ƙarfin da ya fi na da. Wuraren da suka ba ki wuya za ki wuce su a guje. Ni duk sanda ya fara gundurata dannawa nake yi."

Na danna. Abba, ban taɓa jin sauƙi irin wannan ba. Dodannin da suka wahalar da ni suna zubewa kafin in kai yatsa. Na sake zuwa bango, na sake dannawa. Sai a hankali na gane yadda aka gina abin. Bangon ba kuskure ba ne, da gangan aka sa shi. A nan ne suke miƙo maka talla ka kalla, ko su ce ka biya a ɗaga maka, ko ka koma farko ka sake jin daɗin gudu. Kuma komawar ba ta da asara ko kaɗan. An tsara ta ne yadda mai bari shi ke da riba, mai dagewa shi ne wawa.

Da na gane haka sai na tuna na san wannan maɓallin tun kafin a haife ka.

Ina ƙaramar ma'aikaciya a gidan rediyo aka ba ni damar yin shiri a kan al'adun biki na mutanen garin nan. Aka haɗa ni da wata tsohuwa a Old Maiduguri, Ya Falmata, wadda ta san waƙoƙin da mata ke yi wa amarya tun na kakanninta, da abin da kowace gaɓa take nufi. Na yi ta zuwa wurinta da rikoda. Barebarcina a lokacin na kasuwa ne, sai ta rera, ta tsaya, ta fassara mini da Hausarta mai daɗi, ta yi mini dariya in na kwaikwaya. Takan ce, "'Yar Kano, harshenki ya yi tauri kamar ƙanzo." Na tara kaset-kaset.

Da na zauna tacewa sai aikin ya tsaya mini a wuya. Ga kukan awaki, ga yara suna shigowa, ga wurin da murya ta yi ƙasa, ga tambayoyina na rashin sani da nake jin kunyar saurare. Gyaran yana buƙatar zama mai tsawo, ana yanka ana liƙawa, kuma ba wanda zai yaba maka a tsakiyarsa. Daidai lokacin aka kawo mana sababbin na'urori. Na ce ai gara in sake daga farko. Yanzu na san tambayoyin da suka dace, na san inda zan zaunar da ita, zan yi abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. A lokacin kaset yana wuya a ofis, ana ɗaukar sabon shiri a kan tsoho. Da aka zo neman na aro, na miƙa nawa da hannuna. Aka ɗauki jawabin wani taro a kan muryar Ya Falmata.

Ban koma da wuri ba, saboda wanda ya yanke shawarar sake farawa yakan ji kamar ya riga ya yi rabin aikin. Da na koma da sabuwar na'urata, na tarar ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Ta gane ni, ta riƙe hannuna, bakinta yana motsi amma magana ba ta fita. Na zauna da na'urar a cinyata ban kunna ba.

Tambayoyina sun fi na da kyau, wannan gaskiya ne. Na koma da ƙarfin da ya fi na farko, kamar yadda wasanka ya yi alkawari. Abin da wasan bai sani ba shi ne, a duniya ba kai kaɗai kake tafiya ba. Kana komawa farko, sauran mutane suna ci gaba da tsufa, da gajiya, da mutuwa. Aikin da na raina saboda kukan awaki, da na daure na gama shi, da yau shi ne kaɗai wurin da za a ji wannan murya. Gurgun aiki da aka kammala ya fi lafiyayyen da ke cikin kai. Wannan shi ne kuskurena na biyu.

Kuskurena na uku kai na yi wa, kuma shi ya fi yi mini nauyi a rubutu. Ranar da ka dawo ka ce karatun kwamfuta ba naka ba ne, lissafin ya yi yawa, malaman ba sa koyarwa, mahaifinka ya so ya tsananta. Ni na tare. Na ce yaro ne, a bar shi ya nemi abin da zuciyarsa ke so. Da ka bar shagon Gamboru ka ce maigidan ba ya ba ka komai sai canza gilashin waya, na sake tarewa. Ban tsaya nan ba. Na yi abin da na fi iyawa, na gyara labarin. Dangi in sun tambaya sai in ce ka canza layi ne, ka hango abin da ya fi. Ban yi ƙarya ƙarara ba, na zaɓi abin da zan sa a gaba da abin da zan tura ƙasa, kamar yadda ake yi wa sanarwar da ba a so ta tada hankali. Har kai ka ji labarin daga bakina ka yarda da shi.

Mahaifinka ya taɓa ce mini, "Ke kina share masa hanyar dawowa, shi ya sa ba ya ganin ta tafiya." Na yi fushi a ranar. Yau na rubuta maganarsa da hannuna, ka shaida.

Na zama maka wannan maɓalli, Abba. Duk sanda ka zo bango ka danna ni, komai ya goge, ka koma farko ba tare da ka ji zafin abin da ka bari ba. Na ɗauka tausayi ne. Wani ɓangarensa tausayi ne, wani ɓangaren kuma gudun kunyata ne a idon mutane. Ka yafe mini. Kuma ka sani daga yau na ajiye wannan aikin. Ƙofar gidan ubanka a buɗe take gare ka ko da yaushe, abincinka yana nan, amma in ka dawo zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ga duk wanda ya tambaya.

Bari in gaya maka yadda ranar za ta zo, don kada ta zo maka a baƙuwa. Makonnin farko za su yi daɗi. Komai sabo, kullum ka koyi sunan wani abu, ka ji kanka yana buɗewa. Sannan tafiya za ta tsaya. Za ka san abin da ya isa ka gundura, amma bai isa a sakar maka aiki ba. Za ka yi ta ɗaukar batir mai nauyi, kana hawa rufin kwano da rana, kana fere waya, kana miƙa sukundireba ga wanda kake ganin ka fi shi kai. A nan ne wani aboki zai kira ka ya ce akwai wata harka a Abuja, ko ka ga wani a waya yana cewa ya yi arziki da abin da ba ya buƙatar gumi. Zuciyarka za ta kawo maka hujjoji, kuma za su yi kyau, don kai mai kaifin baki ne ko da kanka kake gardama.

Wannan bangon ba irin na wasa ba ne. Ba wanda ya gina shi don ya tatse ka, kuma ba a tsallake shi ta baya. Wurin ne hannu yake koyon abin da kai ya riga ya ji. Ba a ganin ƙaruwarsa, ba lambar da ke hawa, ba wanda zai tarbe ka da safe ya ce ga abin da ka tara. Sana'a ba ta girma in ba ka nan. Sai wata rana a kira ka gidan da wuta ta ɗauke, ka tsaya ka saurari ƙarar inbata, akwatin da ke juya wutar batir zuwa ta gida, ka san inda matsalar take tun ba ka buɗe ba. Ka fi kowa sanin darajar wannan, kai da ka tashi a garin da ya yi zaman duhu mai tsawo, ka ga yadda ake bin mai gyaran sola har gida ana roƙo.

Ban ce ka zauna a inda ake cutar da kai ba. In aka taɓa addininka, ko lafiyarka, ko aka sa ka ha'inci a aikin mutane, kira mahaifinka a ranar, mu da kanmu za mu ce ka taho. Amma ka koyi bambance zalunci da gundura. Suna kama da juna in mutum ya gaji. In tunanin tafiya ya zo maka, kada ka yanke hukunci kai kaɗai a ɗaki. Je ka sami Injiniya ido da ido ka ce masa, "Na gaji, ban ga ina ci gaba ba." Faɗin haka ya fi sulalewa wuya, na sani. Ba ka taɓa gwada shi ba, ni ma ban gwada ba a lokacin da ya kamata.

Wasan kuma ban ce ka goge ba. Nawa yana nan, nakan leƙa in ina jiran layi a asibiti. Ka yi shi a matsayin abin da yake, kamar gyaɗar da ake ɓarewa ana jiran tuwo. Kada dai ka hau rufi da shi a ranka, kuma kada ka karɓi darasin rayuwa daga abin da aka gina don kada ka taɓa gama shi.

Saura abu ɗaya, na yi ta juya shi ko in faɗa ko in bari. Da na kira Injiniya Haruna na roƙa maka wurin, bai yi mini musu ba. Mun gaisa, ya tambayi mutanen gida da yadda muka ƙare da gyaran bango. Sai ya ce, "Hajiya, akwai yaran da ke jiran wannan gurbin, zan tsallake su saboda ke. Tsakaninki da Allah, yaron mai zama ne?"

Kowace uwa ta san amsar da ake bayarwa. Ni ban ba da ita ba. Na ce masa, "Yana da kai, yana da gaskiya, ba ya ɗauke-ɗauke. Zama kuwa, ban tabbatar ba."

Ya ce, "To. Turo shi. In ya zauna ni zan kira ki in gaya miki. In ba ki ji ni ba, kada ki tambaye ni."

Ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba, kuma ba na so ka ji ta a bakin wani. Ba zan kira shi ba, Abba. Zan jira.

Allah ya tsare ka a bisa rufi da ƙasa, ya kiyaye hannunka daga wuta, ya haɗa ka da abokan kirki. Allah ya ba ka haƙurin tsakiyar aiki, wanda ya fi na farkonsa wuya. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka gaishe da Injiniya da iyalinsa, kuma in kun sauka ka kira mahaifinka, don ba zai ce maka yana jira ba, amma a bakin ƙofa zai zauna. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Umma
Gwange, Maiduguri